Linux Mint Xfce a Kan Tsohuwar Laftof: Inda Ya Yi Rawar Gani da Inda Ya Gaza

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Shi kuma Windows 11 ya gindaya sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci ba za su iya cikawa ba: sai da guntun tsaro mai suna TPM 2.0, sai kuma furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Ke nan HP EliteBook 8470p da 840 G1, da Dell Latitude E6430, da ThinkPad T430, wato irin 'yan Beljiyom ɗin da suka cika shagunan Farm Centre da Beirut Road a Kano, duk an bar su a tasha. Alhali injinan nan lafiyarsu lau. Jikinsu ya fi na sababbin 'yan roba ƙwari, sassansu kuma ga su nan birjik a kasuwa.

Mai irin wannan laftof, matuƙar furosesarta 64-bit ce kuma tana da RAM 4GB, Linux Mint 22 mai fuskar Xfce, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, shi ne ya fi cancanta ya ɗora mata. Akwai waɗanda suka fi shi rashin nauyi nesa ba kusa ba, za mu zo kansu. Abin da ya sa ya sha gabansu shi ne wanda ya saba da Windows 7 zai zauna gabansa ya kama aiki a ranar: maɓallin menu na ƙasa ta hagu, agogo da alamar batir da ta Wi-Fi na ƙasa ta dama, filash in ka soka sai ya bayyana da kansa. Clément Lefèbvre ne ya fara aikin Mint a 2006. Zubi na 22 ya fito a Yulin 2024, an gina shi a kan wani nau'in Linux mai suna Ubuntu 24.04, kuma zai riƙa samun gyaran tsaro har 2029. Kyauta ne, lambobinsa a buɗe suke ga kowa, babu zancen lasisi balle a je neman na sata mai ɗauke da ƙwayar cuta. Fuska uku, wato tsarin allon aiki, yake zuwa da su, Cinnamon da MATE da Xfce, ta ƙarshen ce ta tsohon inji.

Masu shi sun ce RAM 2GB da gurbin ajiya 20GB sun isa. Sun isa ya tashi, wannan gaskiya ne, amma aiki wani abu ne daban. Mint Xfce idan ya gama tashi ba a buɗe komai ba yakan riƙe kimanin 600MB zuwa 800MB, wato ƙasa da rabin abin da Windows 10 ya saba riƙewa a zaune. Sai dai burauza ba ta san da wannan rangwamen ba. Shafin Facebook ko Gmail ko WhatsApp Web nauyinsa ɗaya ne a kowace manhaja aka buɗe shi, kowanne na iya lashe ɗaruruwan megabait. A inji mai 2GB, shafi huɗu ko biyar sun cinye abin da ya rage, daga nan kwamfuta ta koma aron gurbi daga hadis, linzami ya fara tsalle-tsalle, fitilar hadis ta tsaya a kunne ba ƙiftawa. Duk wanda ya ce maka Linux zai mai da 2GB ta zama 8GB bai faɗa maka gaskiya ba.

Don haka kafin a taɓa manhaja, a duba ƙarfe. Babu kuɗin da za ka kashe wa tsohuwar laftof da ya kai sayen SSD, ma'ajiyar bayanai marar juyawa da ke maye gurbin hadis, mai inci 2.5, ko da 128GB ne. Tsohon hadis mai juyawa shi ne ke sa a kunna kwamfuta a je a ɗora shayi a dawo. Da SSD, injin nan dai yakan tashi cikin ƙasa da rabin minti. Sai RAM, kuma a nan ake yawan yin asara. Injinan Intel zubi na biyu da na uku, irin su T420 da 8470p, suna cin DDR3. Daga zubi na huɗu, irin su 840 G1, sai DDR3L mai aiki da bolt 1.35. In aka soka musu DDR3 zalla mai 1.5, sau da yawa allo baƙi ƙirin za ka gani. Duba takardar da ke manne a jikin sandar RAM ɗin: PC3L shi ne DDR3L, PC3 kuma DDR3 zalla. Harafi ɗaya ne tsakaninsu. In fanka na kuka tun injin bai yi komai ba, a buɗe a kakkaɓe ƙurar hunturu daga mafitar iska a sake man furosesa, domin furosesar da ta yi zafi da kanta take rage gudu, kuma babu manhajar da ke maganin wannan.

Yadda ake ɗora shi

Ana sauke fayil ɗin ISO, wanda ke ɗauke da Mint gaba ɗaya, daga shafin linuxmint.com, girmansa ya kusa 3GB, don haka a nemi datar dare ko Wi-Fi. Idan ya sauka, kada a yi ƙyuyar tantance shi, musamman in intanet ta yi ta yankewa. A Windows, buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta certutil -hashfile sai sunan fayil ɗin sai SHA256, ka kwatanta dogon layin da ya fito da wanda ke shafin Mint. In harafi ɗaya ya saɓa, fayil ɗin ya lalace, a sake saukewa. Daga nan a rubuta shi a filash mai aƙalla 4GB da Rufus ko balenaEtcher. Duk abin da ke cikin filash ɗin zai goge. Masu gyara da ke yawo da manhajoji iri-iri sun fi son Ventoy, domin filash ɗaya na ɗaukar ISO da yawa a zaɓi wanda ake so.

Filash na jabu babbar matsala ce. Wanda aka rubuta wa 32GB a jiki alhali cikinsa bai kai haka ba zai karɓi fayil ɗin kamar gaske, ya kuma tashi, sai an kai tsakiyar aiki saƙon "Errno 5 Input/output error" ya fito. Wannan saƙo kusan kullum ɗaya daga cikin uku yake nufi: filash, ko ISO da ya lalace, ko hadis mai shirin mutuwa.

Kwashe hotuna da takardunka zuwa wani wuri tukuna. Sannan ka soka filash, ka kunna, ka yi ta danna maɓallin zaɓen wurin tashi: F9 a HP, F12 a Dell da ThinkPad da Toshiba, Esc a Asus. Mint zai tashi daga filash ɗin ba tare da ya taɓa hadis ba, kuma wannan zaman gwajin shi ne mafi amfani a duk aikin. Kada ka yi gaggawar danna alamar faifan da ke kan allo. Ɗauki minti goma: haɗa Wi-Fi, kunna sauti, soka abin kunne, rage hasken allo ka ƙara, rufe murfi ka buɗe ka ga ko za ta farka. Buɗe manhajar Disks ka duba bayanan SMART, wato rahoton lafiyar hadis. In ta nuna gurabun da suka lalace suna da yawa, kada ka ɓata lokaci, sauya shi. Abin da bai yi aiki a zaman gwaji ba, gara ka san da shi tun Windows ɗinka na nan.

Ɗorawar kanta ba ta da wuya. Zaɓi harshe da allon madannai, sa alama a akwatin kodek na sauti da bidiyo, zaɓi "Erase disk and install Linux Mint" in ka yanke shawarar rabuwa da Windows, saka Lagos ko Niamey a wurin agogo, sai suna da kalmar sirri. A kan SSD minti goma zuwa ashirin ne. Amma laftof ɗin da batirinta ya mutu, kada a fara wannan aiki da wutar NEPA kaɗai. In aka ɗauke wuta bayan an goge hadis kafin a gama rubutawa, ba Windows ba Mint, sai an sake daga farko.

Abin da ya fi ba mutane ciwon kai shi ne Wi-Fi na Broadcom, wanda ke cikin HP da Dell da yawa na wancan zamani. Alamarsa a bayyane take: ka danna alamar sadarwa a ƙasa ta dama, ba ka ga sunan ko da hanya ɗaya ba, alhali wayarka na ganin biyar. Direban wannan kati, wato 'yar manhajar da ke sa shi aiki, ba buɗaɗɗe ba ne, shi ya sa ba a kunna shi kai tsaye. Maganin: haɗa wayar Android da kebul, kunna "USB tethering" a wayar, Mint zai ɗauke ta a matsayin intanet ta waya nan take. Buɗe Driver Manager, zai nuna direban da ya dace, ka ɗora ka sake kunna kwamfuta. Mai son sanin katin da ke ciki ya rubuta lspci -nn | grep -i net a taminal, tagar rubuta umarni ta Linux. Irin su BCM4311 da BCM4312 kunshin firmware-b43-installer suke so. In an ɗora direba amma shiru, shiga BIOS, saitunan da ake buɗewa da zarar an kunna kwamfuta, ka kashe Secure Boot, domin yakan hana direban da ba shi da sa hannu tashi. Kada kuma a yi saurin cire katin a sa wani: tsofaffin HP da ThinkPad suna da jerin katunan da suka yarda da su kaɗai, in ka sa baƙo sai HP ta tsaya da kuskure mai lamba 104, ThinkPad kuma 1802. Ɗan ƙaramin Wi-Fi na USB ya fi wannan sauƙi.

Dell Latitude da yawa suna zuwa da saitin hadis (SATA) a kan "RAID On", sai manhajar ɗorawar ta kasa ganin hadis ko ta fito da saƙon ƙorafi mai ambaton RST. A shiga BIOS da F2, a mai da shi AHCI, shi ke nan. Sai dai in ana son barin Windows a gefe, wannan sauyin na iya hana shi tashi in ba a fara shigar da shi ta Safe Mode ba. Masu T420 da T430 da ke da katin hoto na Nvidia kuwa, tsohon direban kamfanin na waɗannan katunan ba ya cikin Mint 22. A shiga BIOS da F1 a zaɓi "Integrated Graphics". Zafi zai ragu, batir ya ƙara daɗewa, kuma ba abin da mai aikin ofis zai rasa.

Akwai wata 'yar matsala da ke rikita har masu gyara. An gama komai lafiya, amma sabuntawa ta ƙi, tana cewa fayil "is not valid yet", burauza kuma na cewa kowane shafi ba amintacce ba ne. Dubi agogo. Ƙaramin batirin CMOS mai riƙe agogo, irin CR2032, ya mutu, kwamfutar ta koma shekarun baya. Gyara kwanan wata a BIOS, ka sauya batirin. Wanda kuma ya haɗa Windows da Mint a inji ɗaya zai ga agogon Windows na komawa baya da awa ɗaya, domin Linux na ajiye lokacin UTC ne, wato agogon GMT, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gabansa da awa guda. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 ya kashe wannan magana.

Zaman yau da kullum

A aikin rubutu Mint ya yi abin a yaba. LibreOffice na ciki tun farko, yana buɗe docx da xlsx da pptx yana kuma ajiyewa a cikinsu. Inda ake samun tangarɗa shi ne salon haruffa. Ɗalibi ya kawo furojet da aka buga da Calibri, ya buɗe ya ga shafi 60 sun zama 63, teburori sun zame. Ba takardar ce ta lalace ba, salon ne babu. A ɗora fonts-crosextra-carlito da fonts-crosextra-caladea, waɗanda faɗin haruffansu daidai yake da Calibri da Cambria, sai ttf-mscorefonts-installer don samun Times New Roman da Arial na ainihi. Duk abin da za a kai shagon buga takardu, a fitar da shi PDF tun daga gida, ba mai canja maka tsari.

Abin farin ciki ga mai rubutun Hausa: a cikin saitin allon madannai akwai tsarin Hausa na Najeriya da na Gana a shirye, ba sai an sauke komai ba. Ka ƙara shi kusa da na Ingilishi, ka sa maɓallin sauyawa, ɓ da ɗ da ƙ su riƙa fitowa da lanƙwasarsu. Wanda ya gaji da rubuta "kasa" a bar mai karatu ya yi ta canki tsakanin ƙasa da kasa zai san darajar wannan.

YouTube na da nasa sirrin. Katin hoton Intel na waɗannan shekarun ya iya warware bidiyon H.264 da kansa, amma bai san VP9 da AV1 da YouTube ke turowa yanzu ba, sai nauyin ya faɗa kan furosesa, fanka ta ɗau kuka, hoto na sarƙewa. Ƙarin burauza mai suna h264ify na tilasta wa shafin ya turo H.264. Haɗa shi da uBlock Origin mai toshe tallace-tallace, ka tsaya a 480p ko 720p, za ka ga bambanci a zafi da kuma data. Mai RAM 4GB ko ƙasa ya ƙara da sudo apt install zram-tools, wanda ke matse bayanai a cikin RAM maimakon jibge su a hadis; a fayil ɗin /etc/default/zramswap a sa PERCENT=50.

Wurare biyu ne Mint ya cancanci suka, kuma duka biyun sun fi cizon mai ƙaramin ƙarfi. Na farko Flatpak. A Software Manager manhaja ɗaya kan zo iri biyu, ta tsarin kanta da ta Flatpak da ake saukowa daga rumbun Flathub, kuma sabon shiga ba zai lura ba. Ta farkon na iya zama 30MB, ta biyun ta jawo kayan tallafinta da suka haura 1GB a karon farko. Ga mai sayen data da awo wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya kamata a ce gargaɗin ya fi haka fitowa fili. Karanta girman da aka rubuta kafin ka danna. Na biyu Timeshift, mai ɗaukar hoton tsarin don a koma baya in abu ya ɓaci. Dabara ce mai kyau, Mint kuma na ta tuna maka ka kunna shi, amma a kan ƙaramin SSD in aka bar shi yana ajiye na kullum, wata rana gurbi zai cika taf. Alamar ita ce ka sa kalmar sirri daidai, allo ya yi baƙi, ya dawo da kai wurin sa kalmar sirri. Danna Ctrl da Alt da F2, shiga da sunanka, rubuta df -h ka tabbatar, sannan sudo timeshift --delete-all. A 128GB hoto biyu na mako-mako sun wadatar. A irin HP Stream mai 32GB kada ma a kunna shi.

Firinta sai an bincika. Yawancin na HP da kansu suke hawa, amma LaserJet 1018 da 1020 sai an ƙara musu wani ɗan kunshi ta umarnin hp-plugin, in ba haka ba kwamfuta ta ce ta tura, firinta ko motsi. Canon LBP2900, wadda shagunan buga takardu ke ji da ita, wahalarta a Linux ta fi haka yawa.

Akwai kuma waɗanda bai kamata a ruɗe su ba. Mai cin abinci da CorelDRAW ko Photoshop ko AutoCAD, da mai gyaran waya mai aiki da akwatunan yi wa waya filashin waɗanda Windows kaɗai suka sani, su zauna inda suke. Inkscape da GIMP manhajoji ne na ƙwarai, amma abokin ciniki da ya kawo fayil ɗin cdr yana jira a bakin shago ba zai saurari bayani ba. Manhajojin gwajin jarrabawar JAMB na kwamfuta su ma yawanci na Windows ne. Wine, mai tafiyar da manhajojin Windows a Linux, na iya tayar da wasu, wasu kuwa ko kusa.

In RAM 2GB ce kuma ba halin ƙari, Lubuntu 24.04 mai fuskar LXQt ya ɗan fi Mint sauƙi, yakan bar maka ƙarin megabait ɗari biyu ko makamancin haka. Sai dai tallafinsa a Afrilun 2027 zai ƙare, kuma Firefox ɗinsa ta Snap take zuwa, wani irin kunshi mai kama da Flatpak, wadda ke jan ƙafa wajen buɗewar farko a kan hadis mai juyawa. Ribar ba ta da yawa.

Ƙasa da haka, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ƙananan netbuk masu Atom N270 da N280, da injinan Core Duo da Pentium M, 32-bit ne zalla, Mint kuwa ya bar 32-bit tun bayan zubi na 19.3, ko tashi ba zai yi a kansu ba. Kada a rikita Core Duo da Core 2 Duo, shi na biyun 64-bit ne. Umarnin lscpu zai nuna, a layin "CPU op-mode(s)". Waɗannan, da duk mai RAM 1GB, wani Linux marar nauyi mai suna antiX 23 ne nasu. An gina shi a kan nau'in Linux mai suna Debian 12, fuskarsa IceWM ce, kuma a zaune abin da yake riƙewa bai cika wuce 200MB da 'yan kai ba. Farashin wannan sauƙin shi ne sabo: menu cunkushe, saituna a warwatse cikin Control Centre, Wi-Fi ta Connman ake haɗa shi, wanda ba kowa zai gane da kallon farko ba. Zai yi rubutu, ya buɗe PDF, ya kunna karatun Alƙur'ani da wa'azi da darussan bidiyo da aka riga aka sauke, kuma ga yaro mai koyon buga rubutu wannan ya isa. Intanet ce dai ƙofarta ke rufuwa: Chrome ya bar Linux mai 32-bit tun 2016, Debian 13 da ya fito a Agustan 2025 ba shi da manhajar ɗorawa ta 32-bit, Firefox ma daga zubi na 145 ya daina fitar da nasa, aka bar zubinsa mai dogon tallafi, ESR 140, a matsayin na ƙarshe. Irin wannan inji a ajiye shi don aikin da ba ya buƙatar shiga asusun banki.